Shirin malaman gona ya bi kalandar manomi

A Ƙofar Marke da sauran tsoffin unguwannin Sakkwato akwai magidanta da dama da ke kwana cikin gari, amma abincin gidansu yana fitowa daga gonar tudu a bayan gari ko fadamar kogin Rima. Gero da wake da damina, albasa da tafarnuwa da rani. Duk shirin da za a tsara musu dole ya bi wannan kalandar, domin daminar nan gajera ce: ruwa kan zauna a Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Taron bita kan takin gero da aka kira a Agusta, bayan gero ya yi ciki, ɓata wuni ne kawai.

Aikin malaman gona yana da tarihi a wannan yanki. A 1975 aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na farko da tallafin Bankin Duniya a Funtua da Gusau da Gombe, kuma Gusau ta zauna cikin Jihar Sakkwato har 1996. Daga baya aka rungumi tsarin horarwa da ziyara: duk mako biyu a ba malamin gona darasi, ya kai wa wasu zaɓaɓɓun manoma, su kuma su isar wa maƙwabta. Tsarin ya tafi daidai muddin akwai babur da man zuba masa. Da kuɗin banki suka janye, ziyara ta yi wuya. Ga kuma wani aibin: sau da yawa zaɓaɓɓen manomin mai hali ne, sai shawarar ta dace da aljihunsa, ta bar wanda ke sayen taki da mudu.

Abin da mai wannan rubutu ya gani a bakin aiki shi ne mai albasa ba ya neman a koya masa dashe, ya gaje shi. Ciwonsa yana lokacin cira, sa'ad da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, in kuma ya ajiye a rudu wani kaso ya ruɓe kafin kaya su yi tsada. Nan ya kamata shiri ya zuba ƙarfinsa: a tsayar da ban ruwa kafin cira, a bari wuyan albasa ya bushe, a ware masu rauni, a bar wa iska hanya.

Buhun PICS na adana wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, ya karɓu ne saboda yadda aka gabatar da shi. A gaban jama'a ake zuba wake cikin leda biyu da buhu ɗaya, a ɗaure tam, a dawo bayan watanni a kwance kowa ya duba. Ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba a sa magani ba. Manomi ya gani da idonsa.

To amma wa ke gyaran wake da ajiyarsa? Galibi matan gida, kuma malamin gona namiji iyakarsa zaure. Shirin da ba a sa malamar gona cikinsa ba ya bar rabin aikin a baya. Ita ma sai an ware mata kuɗin mota tun cikin kasafi, an kuma sake su kafin watan Mayu, lokacin da ake neman iri.