LABURAREN KWAMFUTA DA AIKIN MALAMIN KIMIYYA DA LISSAFI

Tun daga shekarar 1977, lokacin da aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta sa koyar da kimiyya da lissafi a sahun gaba. Dalili kuwa a fili yake, domin likita da injiniya da malamin gona da mai haɗa magunguna, dukansu ta ƙofar ajin sakandare suke bi. Amma kowa ya san halin da malamin kimiyya yake ciki a makarantu da yawa. Littafin da ke hannunsa ya tsufa, ɗakin gwaje-gwaje ba isassun kaya, aji ya cika maƙil, mujallun da za su sanar da shi sabon bincike kuwa ba su isa garinsu. An shirya wannan takarda ne domin a bayyana wa malamai da shugabannin makarantu da iyaye wata hanya ta rage wannan wahala, watau laburaren kwamfuta.

MENE NE LABURAREN KWAMFUTA?

Laburaren kwamfuta ma'ajiya ce ta littattafai da hotuna da majigi da tambayoyin jarrabawa da tsarin darussa, waɗanda aka adana a cikin na'ura, ana buɗe su da kwamfuta ko wayar hannu. Littafi guda na takarda mutum ɗaya ne yake iya aronsa a lokaci ɗaya, amma na cikin na'ura malamai dubu suna iya karanta shi a sa'a guda, wani a Sakkwato, wani a Kalaba.

Kada a ɗauka duk abin da ke intanet laburare ne. Intanet kamar kasuwa take, akwai tsaba akwai tsakuwa. Abin da ya sa ake kiran wuri laburare shi ne masana sun tace abin da aka zuba a ciki, sun kasa shi fanni-fanni da aji-aji, sun kuma rubuta sunan wanda ya wallafa kowane abu. A kan wannan ƙa'ida ce hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka ta kafa babban laburaren kimiyya na kwamfuta a shekarar 2000, domin malamai su daina ɓata lokaci wajen lalube.

Ƙasarmu ma tana da hannu a tarihin wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1990 wani malamin Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya zauna a Jami'ar Jos yana koyarwa, ya ga irin wuyar da ake sha wajen samun intanet. Daga nan ne aka ƙirƙiro eGranary, watau rumbun ilmi, inda ake kwafe ɗimbin littattafai da shafuna a cikin faifan kwamfuta guda, a ajiye shi a makaranta, kowa ya karanta ba tare da intanet ba.

YADDA YAKE TAIMAKON MALAMI

Na farko, shirya darasi. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a shekarar 1988, ita ke tsara manhajar makarantun firamare da sakandare, saboda haka daga manhajarta malami zai fara. Bayan ya san abin da ake so ya koyar, sai ya nemi ƙarin bayani. Jami'ar Rice ta Amurka ta soma fitar da littattafan OpenStax kyauta a shekarar 2012, cikinsu har da na fizik da kemistari da ilmin halittu da aljabara. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, ita ma ta sa littattafan darussanta a intanet, kowa yana iya saukewa. Malamin da aka ɗora wa fannin da ya daɗe bai taɓa ba, a nan zai sabunta iliminsa kafin ya tsaya gaban ɗalibai.

Na biyu, nuna abin da ido ba ya gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A shekarar 2002 Carl Wieman, wanda ya sami lambar Nobel ta fizik a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado, inda ake kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a fuskar kwamfuta. Mu ɗauki dokar Ohm, wadda masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827. Dokar ta ce, in aka raba ƙarfin batir da turjiyar waya, za a sami yawan wutar da ke gudana. Batir mai volt 6 da turjiya ta ohm 3 za su ba da amfiya 2. Malami sai ya tambayi ɗalibai, in aka mai da batirin volt 12, me zai faru? Bayan kowa ya faɗi nasa, sai ya ƙara ƙarfin a kan na'ura, su ga wutar ta koma amfiya 4, ƙwan fitila ya ƙara haske. Yaron da ya yi hasashe da bakinsa, sa'an nan ya gani da idonsa, da wuya ya manta.

Haka abin yake ga lissafi. Akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya soma a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya. A darasin da'ira ana koya wa yara cewa kusurwar da ke tsakiya ninki biyu ce ta wadda ke gefen da'ira, in baka ɗaya suke kallo. A allo zane ɗaya malami zai yi. A na'ura kuwa yana jan ɗigon gefe yana yawo da shi a kan bakan, yara suna kallo: ta tsakiya tana digiri 80, ta gefe ba ta motsa daga 40 ba. Sa'an nan ya koma allo ya kawo hujjar, domin hujja ita ce lissafi.

Na uku, shirin jarrabawa. Hukumar WAEC tana da shafin koyo wanda ke ɗauke da tambayoyin shekarun baya tare da bayanin manyan masu duba takardu game da wuraren da ɗalibai suka fi yin kuskure. Malamin da ya karanta wannan ya san inda zai tsananta. Bugu da ƙari, a shekarar 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, bayan darasin da aka koya daga rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona. A nan akwai darussan da aka shirya bisa manhajar ƙasarmu.

ABIN DA MALAMI ZAI KIYAYE

1. Ya gwada kowane abu da manhaja. Littattafan waje an rubuta su ne domin yaran wata ƙasa, wasu ma domin 'yan jami'a. Wani yana awo da inci da fam, alhali mu da mita da kilogiram muke aiki.

2. Ya sauke abin da yake bukata tun kafin ranar darasi, ya gwada shi shi kaɗai. Gwaje-gwajen PhET suna aiki ba intanet in an riga an sauke su, haka kuma akwai manhajoji irin su Kolibri da Kiwix da aka yi musamman domin wuraren da layi ba ya kaiwa.

3. Ya duba izinin mai littafi. Abin da ke ɗauke da lasisin Creative Commons ana iya kwafarsa a raba bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Littafin sayarwa kuwa da aka sato aka sa a intanet, kwafarsa keta dokar haƙƙin mallaka ne.

4. Kada ya bar gwajin hannu. A jarrabawar kemistari ɗalibi da hannunsa zai ɗiga asid har launin ruwa ya sauya, kuma babu hoton da zai koya masa tsayar da hannu. Na'ura share fage take yi, ko ta tsaya a madadin gwajin da ke da hatsari ko tsada.

KIRA GA JAMA'A

Shugaban makaranta ba sai ya jira an gina masa babban ɗakin kwamfuta ba. Kwamfuta guda, da na'urar haska hoto a bango, da faifan hasken rana, sun isa a fara. Ƙungiyar iyaye da malamai da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai suna iya ɗaukar nauyin wannan, kuma lalle ne a damƙa kayan a hannun malami guda da zai riƙa lura da su. Malaman kimiyya kuwa su riƙa zama tare ko da sau ɗaya a wata, wanda ya sami abu mai amfani ya kwafa wa 'yan'uwansa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, watau STAN, wadda aka kafa tun 1957, tana shirya tarurrukan ƙara wa juna sani, ya kamata kowane malami ya nemi reshenta na jiharsa.

Iyaye kuma, idan kun je taron makaranta, ku tambaya ko malaman 'ya'yanku suna samun waɗannan kayan aiki. In ba su samu, ku tambayi abin da ya hana, ku kuma taimaka da abin da ya sawwaƙa.