YADDA ZA KA GANE KO FILIN DA AKA HAƘA YA FARFAƊO

Manomi, duba gefen hanyar Dayi zuwa Gwarzo ko ta Malumfashi, za ka ga ramukan da aka ɗebi jar ƙasa da tsakuwa don aikin titi. A ƙasar Ƙanƙara kuma akwai ramukan farar ƙasa. Wasu masu filayen sun cike su, sun zuba taki, sun shuka gamba da itatuwa. To, yaushe za a ce filin ya kama?

Kada ka yarda da ido kawai. Daga nesa a watan Agusta ko'ina kore ne. In ka saki dabbobi ko ka sa garma tun ƙasa ba ta rufu ba, ruwa zai wanke ta, kwazazzabo ya buɗe, wahalarka ta tafi a banza. Ƙirga shi ne magani.

KAYAN AIKI

Igiya mai tsawon taku 20, sanda, takarda da fensir. Ka ƙulla igiyar a kowane taku, ƙulli 20 ke nan.

YADDA AKE YI

1. Tsaya a tsakiyar filin, ka jefa sandar ta bayanka ba tare da ka waiwaya ba. Inda ta faɗi, nan za ka shimfiɗa igiyar, ta bi inda kan sandar ya nuna. Kada ka zaɓi wuri da kanka, don ƙafa takan kai mutum inda ciyawa ta fi kyau.

2. Duba ƙarƙashin kowane ƙulli. In akwai tsiro, ja layi ɗaya a takarda. In ƙasa ce tsirara ko dutse, kada ka rubuta kome.

3. Yi haka sau 5 a wurare dabam-dabam. Ƙulli 100 ke nan. Jimlar layukan ita ce kashi nawa cikin 100 na filin ya rufu.

4. Je wani saura ko makiyaya ta kusa wadda ba a taɓa haƙa ba, ka yi irin wannan ƙirga a rana ɗaya. Ita ce ma'auninka.

MISALI

A ce igiyoyinka sun ba da 14, 12, 15, 11 da 13. Jimla 65. A ce makiyayar ta ba da 80. Ka nemi filinka ya kai 9 cikin 10 na makiyayar, wato 72. Saura 7, don haka a ci gaba da tsare shi. Wannan ma'auni na 9 cikin 10 shi ake bi a Amurka ƙarƙashin dokar haƙar kwal ta 1977, kuma can sai kamfani ya lura da filin shekara 5, ko 10 inda ruwa ya yi ƙaranci.

Duba kuma tazarar da ke tsakanin igiyoyin. In wata ta ba da 19, wata 3, filin tsibi-tsibi ya kama. Ƙara igiya 5, sannan ka sake zuba taki da iri a wuraren fakon.

ABUBUWAN LURA

Ba kowane kore ne ke riƙe ƙasa ba. Kyasuwa da ƙarangiya suna mutuwa da wucewar damina, gamba kuwa saiwarta na nan har rani. Ka ba kowane nasa layi dabam a takarda.

Yi ƙirga sau 2 a shekara: a Satumba, da kuma a Afrilu kafin ruwan farko. Ta Afrilu ta fi faɗin gaskiya, don ruwan farko ne ya fi kwasar ƙasa.

Itatuwa kamar bagaruwa, gawo da dalbejiya, a ƙirga waɗanda suka tsallake rani. In ka dasa 50, 35 suka rayu, 70 cikin 100 ke nan. Maye gurbin matattun a watan Yuli.

Tsayin itace ba shaidar ƙasa ta gyaru ba ne. A Filato an shuka itacen turare a tsofaffin filayen haƙar kuza, itatuwan suka girma, amma da aka auna ƙasar daga baya sai aka tarar ta ƙara tsami. Saboda haka ka riƙa duba abin da ke tsirowa a ƙarƙashin itatuwanka.

KA TUNA

Ajiye takardar bana don ka gwada da ta baɗi. Sai filin ya cika ma'auni shekara 2 a jere sannan a fara yankan ciyawa, kiwo kuwa daga baya, kaɗan-kaɗan. Don ƙarin bayani, kai takardarka wurin malamin gona na yankinku.