Darasi na 14: 'Yan Tsalle, Ƙwarin da ke Tsotson Ganye

Idan muka ratsa gonar masara, ko wake, ko auduga, mu kan ga waɗansu ƙananan ƙwari suna tashi tsal, tsal daga ganye. A nan za mu kira su 'yan tsalle. Da yawa daga cikinsu ba su wuce ƙwayar riɗi ba, watau kamar milimita 3. Irinsu a duniya ya fi 20,000, amma uku ne mu ke so mu sani a yau.

Da fari, ta yaya za mu gane ɗan tsalle? Alamunsa uku ne. Bakinsa kamar allura ya ke, ba ya tauna ganye yadda fara ta ke yi, sai tsotso. Idan ya sauka, fukafukansa su kan rufe bayansa kamar jinka. Ƙafafunsa na baya dogaye ne, da ƙayoyi jere a jikinsu. Ƙwaron da ya haɗa waɗannan uku, ɗan gidan ne.

To, amma kama da wane ba ta wane. Sai mu duba launi da ɗigo.

Na ɗaya, na masara. Masana suna kiransa Cicadulina. Launinsa rawaya-rawaya ne, da ɗigo biyu baƙaƙe a goshi. Ya kan ɓuya a tsakiyar shuka, inda sabon ganye ke fitowa. Shi ne ke kai cutar nan mai sa farin zane a ganyen masara. A 1925 wani masani, Storey, ya bayyana haka a Afirka ta Kudu.

Na biyu, na wake, watau Empoasca. Kore ne shar, ba shi da baƙin ɗigo. Idan an taɓa ganye, ƙananansa su kan gudu a karkace. In ya yi yawa, bakin ganye ya yi rawaya ya nannaɗe.

Na uku, na auduga, watau Amrasca. Shi ma kore ne, amma yana da baƙin ɗigo ɗaya a ƙarshen kowane fiffike. Asalinsa daga Asiya ne. A 2022 ya yi wa auduga ɓarna ƙwarai a Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa. Yana cin kuɓewa kuma.

Me ya sa za mu wahala da wannan? Domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Masarar da ta riga ta kamu, feshi ba ya warkar da ita. Dabara ita ce a shuka iri mai jure cutar, a shuka da wuri, a tuge wadda ta kamu tun tana ƙarama. Wanda bai san wannan ba, sai ya zubar da kuɗinsa a banza.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya tafi gona da sassafe, kafin ƙwarin su yi kuzari. Ya juya ganye a hankali, ya kama kaɗan cikin kwalba, ya kawo aji mu duba tare. Waɗansu iri sun yi kama ƙwarai, sai da madubin likita a ke rarrabe su. Waɗannan sai mu kai wa malamin gona.

Tambayoyi
1. Faɗi alamu uku na ɗan tsalle.
2. Ina ɗigon na masara ya ke? Na auduga fa?
3. Rubuta waɗannan kalmomi: ganye, ɗigo, fiffike.