Haƙƙin Mai Ƙirƙira Da Haƙƙin Rayukan Jama'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala ta zamani, watau ko mutum yana da ikon ya ce wata dabara tasa ce shi kaɗai, har hukuma ta ba shi takardar da za ta hana kowa ƙera irinta sai da izninsa. Larabawa suna kiran wannan takarda bara'atul ikhtira'i, mu kuwa za mu ce da ita takardar haƙƙin ƙirƙira. Domin maganar ta fito fili, za mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, shi ne wani akwatin ƙarfe da ake kafawa a tashoshin wutar lantarki na nukiliya don ya cinye iskar haidirojin idan ta tsiyaye.

Haɗarin da ake gudu

Haidirojin iska ce wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce kuma mafi rashin nauyi cikin dukkan iskoki. Muddin ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, to, tartsatsi kaɗan ya isa ya kunna ta, idan kuwa ta ƙaru ainun sai ta fashe kamar albarushi. A tashar nukiliya, ana zuba makamashin a cikin bututu na wani ƙarfe mai suna zirkoniyam. In ruwan sanyaya tukunyar ya yanke, bututun suka yi zafi fiye da kima, sai ƙarfen ya ƙwace oksijin daga tururin ruwa, ya saki haidirojin mai yawa.

Haka ta faru a tashar Three Mile Island ta Amurka ran 28 ga Maris, 1979, inda iskar ta kama wuta a cikin ginin da ya rufe tukunyar, Allah Ya taƙaita ginin bai tsage ba. A Fukushima ta Japan kuwa, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ran 11 ga Maris, 2011, wutar lantarki ta ɗauke, iskar ta taru a saman gine-gine, uku daga cikinsu suka fashe a ranakun 12 da 14 da 15 ga watan. Abin lura a nan shi ne, ranar da aka fi bukatar na'urar tsaro, ita ce ranar da babu wutar da za ta tayar da ita. Saboda haka masana suka himmatu ga na'urar da za ta yi aiki da kanta, ba lantarki, ba hannun ma'aikaci.

Yadda akwatin yake aiki

Akwatin a buɗe yake sama da ƙasa. A gindinsa an jera faifan ƙarfe a tsaye, an shafe su da filatinam ko faladiyam. Waɗannan ƙarafa biyu su ne abin da masana ke kira katalis, aikinsu kuwa kamar na mai dalilin aure ne: ya haɗa biyu, ya koma gida yadda ya fito. Da zarar haidirojin da oksijin sun taɓa faifan, sai su haɗu su zama tururin ruwa ba tare da harshen wuta ba. Haɗuwar tana fitar da zafi, iska mai zafi ta yi sama ta fice, sabuwa ta shigo ta ƙasa, aiki ya ci gaba da kansa. Kamfanonin Jamus da na Kanada sun ƙera irin waɗannan akwatuna, an fara kafa su a tashoshin Turai tun kafin shekarar 2000, bayan abin da ya auku a Fukushima kuma ƙasashe da dama suka bi sahu.

To, amma akwai wata matsala. Idan haidirojin ya yi yawa, faifan sukan yi zafi har su wuce digiri 500, a lokacin kuwa mai gadi yana iya zama shi ne ɓarawo, watau akwatin da aka kafa don hana gobara ya zama shi ne ashana. Don haka aka shiga neman hanyar sanyaya faifan ba tare da injin ba. Daga cikin dabarun akwai wani bututu rufaffe mai ruwa kaɗan a ciki: ruwan ya tafasa a gefen da ke da zafi, tururin ya tafi gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo, yana kwashe zafin a kowane zagaye. Wanda ya san yadda raɓar da ke tsattsafowa a jikin randa take sanyaya ruwan ciki ya fahimci rabin maganar. Akwai kuma dabarar rage ƙarfin shafen da ke kan faifan farko, domin aikin ya rarrabu mataki-mataki. Cibiyar bincike ta Jülich a Jamus ta daɗe tana gwaje-gwaje a kan waɗannan na'urori.

Me ake iya mallaka?

Dokokin ƙasashe sun yi ittifaƙi a kan sharuɗɗa uku. Haka yarjejeniyar Turai da aka sa wa hannu a Munich a 1973 ta tanada, haka yarjejeniyar ciniki ta duniya ta 1994 wadda ake kira TRIPS, haka nan dokar Nijeriya ta 1970.

Sharaɗi na farko, abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a a ko'ina ba kafin ranar shigar da takarda. A nan mai akwati ba zai iya cewa shi ya gano filatinam yana haɗa haidirojin da oksijin ba, domin wani Bajamushe mai suna Döbereiner ya nuna haka a garin Jena tun 1823, har ya ƙera fitilar kunna wuta da wannan hikima. Bugu da ƙari, dokokin sun ce gano wata ɗabi'a ta halitta ba ƙirƙira ba ne. Zafi ya tashi sama, ruwa ya zama tururi, waɗannan sunna ce ta Allah a cikin halittarSa, ba mai rajistarsu da sunansa.

Sharaɗi na biyu shi ne inda ake fafatawa, watau dabarar ta kasance ba abin da kowane gwanin sana'ar zai yi tunaninsa nan take ba ne. Akwatin sananne ne, bututun sanyaya ma sananne ne. Idan mutum ya ɗauko wannan ya jingina da wancan, kowanne yana aikinsa na da, to, alƙalan ofishin rajista za su ce bai kawo kome ba. Amma a lura da wuyar da ke ciki. Zafin nan da ake son ragewa, shi ne kuma yake jawo iska cikin akwatin. In an sanyaya faifan da yawa, jan iska ya ragu, ko kuma raɓa ta kwanta a kansu su kasa fara aiki. In ba a sanyaya ba, su tayar da gobara. Wanda ya zo da wani tsari takamaimai da ya warware wannan ƙulli, ya kuma nuna da awo cewa ya warware, shi ne ya cancanci takarda, a kan tsarin nan nasa kurum.

Sharaɗi na uku, abin ya zama mai yiwuwar ƙerawa da amfani a masana'anta. Sa'an nan akwai wani wajibi da yake tafiya tare da ukun: lalle ne mai nema ya rubuta bayanin dabararsa dalla-dalla, yadda wani gwani zai karanta ya ƙera. A Turai ana buga bayanin wata 18 bayan shigar da takarda. Kariyar kuwa shekara 20 ce, daga nan dabarar ta zama ta kowa.

Matsayin Shari'a

Malaman Hanafiyya na farko sun taƙaita dukiya ga abin da ake riƙewa a adana. Jumhurun malamai kuwa, har da Malikiyya, sun lissafa amfani a cikin dukiya, shi ya sa ake biyan kuɗin haya da ladan aiki. A kan wannan asali Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 a Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kiyaye, masu su suna da ikon sayar da su, ba ya halatta a keta su.

Wasu malamai sun saɓa, suna cewa wannan ɓoye ilmi ne, alhali kuwa an yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shi. Amsar da aka ba su tana cikin wajibin da muka ambata a sama. Mai takarda ya shimfiɗa ilminsa a faifai, kowa ya karanta ya ƙaru, abin da aka hana shi ne ciniki da guminsa ba da izninsa ba, zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Wanda ya ɓoye ilmi shi ne maƙerin da ya rufe sirrinsa a ƙirji har ya shiga kabari da shi.

Sai dai haƙƙin nan yana da iyaka. Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun jera kiyaye rai a gaba da kiyaye dukiya. Malaman fiƙihu kuma sun ce idan jama'a suka shiga matsi, shugaba yana da ikon tilasta wa mai ɓoye abinci ya fito da shi ya sayar a kan farashin da ya dace. Dokar zamani ma ta zo da makamancin haka, domin sashe na 31 na TRIPS ya yarda hukuma ta ba wani izni ya ƙera abin ko da mai takarda bai so ba, da sharaɗin a biya shi lada gwargwado. To, da mai dabarar sanyaya akwatin nan zai tsauwala kuɗi har tashoshi su kasa saye, alhali rayukan mutanen gari suna rataye da ita, da ya fita daga inuwar haƙƙi ya shiga ta zalunci.

Abin da za mu riƙe

Darasin ya shafi kowane mai sana'a, daga injiniya har maƙerin bakin kasuwa. Kada mutum ya yi da'awar abin da ya tarar an riga an sani, domin wannan ƙarya ce, ko da ofis ya buga mata hatimi. Kada kuma ya kwaikwayi sabuwar dabarar ɗan'uwansa ya sayar a ɓoye, yana cewa ai ilmi na Allah ne, domin wahalar da ɗan'uwan ya sha tana da haƙƙi. Wanda Allah Ya buɗa wa wata hikima mai tsare rayuka, ya ci halalinsa, amma ya sassauta, ya tuna cewa za a tambaye shi a kanta.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wallahu a'alamu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.