Zaman Tafakkuri a Gindin Gawo: Darasi a Kan Huduri

 

Kukan da ya fi yawa a bakin matasan muridai shi ne rashin huduri. Mutum zai zauna lazimi, ya ja istigfari 100, salati 100, hailala 100, carbi ya ƙare a hannunsa, amma zuciyarsa tana kasuwa, ko ɗakin jarrabawa, ko wurin saƙon WhatsApp da bai amsa ba. Wannan ita ce gafala. Kishiyarta huduri, wato zuciya ta halarci abin da harshe yake faɗa. Malaman sufaye, irin su Ibnu Aɗa'illahi mai littafin Hikam, sun hana muridi barin zikiri don ya rasa huduri. Sai dai wanda ya shekara a haka bai nemi magani ba, ana jin tsoron wuridi ya zame masa nauyi, wata rana ya ajiye carbin. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne tafakkuri a cikin halittun Allah.

Asalinsa

Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya haɗa zikiri da tunani a kan halittar sammai da ƙasa a siffar masu hankali. Suratul Gashiya kuma ta umarci mutum ya dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Kafin saukar wahayi, Annabi (SAW) yakan keɓe a kogon Hira. Imamu Gazali ya ware wa tafakkuri littafi guda a cikin Ihya'u. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ma a Abi Samguna, wani ƙaramin gari a bakin hamadar Aljeriya, ya sami babban buɗi a shekara ta 1196 bayan hijira.

Hikimar a fili take. Ido da kunne su ne ƙofofin zuciya. Abin da suka yini suna shigarwa, shi za ta tarar idan an zauna zikiri. Wanda ya saba wa idonsa tsayawa a kan abu guda, zuciyarsa ma za ta koyi tsayawa.

Ayoyin da ke kewaye da Dakoro

Dakoro tana arewa da Maradi, kusa da kwarin Tarka, inda gonakin gero suke haɗuwa da ƙasar kiwo. Muridin wannan yanki ba ya buƙatar doguwar tafiya. Raƙumin da aka ce a duba yana wucewa ta ƙofar gidansa.

Ya fara da gawo. Da damina, sa'ad da kowane icce yake kore, gawo yakan zubar da ganye ya tsaya kamar matacce. A nan ne rana take isa ga geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani, in komai ya bushe, sai ya yi lif, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi. Haka halin zuciya yake tsakanin ƙunci da yalwa. Ranar da muridi ya ji ya bushe alhali ƴan'uwa suna cikin shauƙi, kada ya yanke ƙauna. Mai yiwuwa a lokacin ne ake gyara abin da ke ƙarƙashi.

Ya dubi shamuwa. Takan iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a cikin gari, ta ƙyanƙyashe, damina na ƙarewa ta nufi kudu. Ba ta da rumbu, amma ba ta fasa fita kiwo. Tawakkali ke nan tare da riƙon sababi.

Ya dubi ƙarangiya, wadda take maƙale wa tufa ta soki ƙafa. A shekarun yunwa mutanen Sahel sun sha sussuke ƙwayarta su rayu da ita. Abin da rai yake ƙi yau, gobe yana iya zama ƙofar rahama.

A arewacin Dakoro kuma akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76,000. Raƙuman dawa sun ɓace daga can kusan shekara 50. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure aka sake su a ciki, bayan an tabbatar wurin zai riƙe su. Huduri ma haka yake: yakan bar zuciya shekaru, amma in an gyara masa masauki, da yardar Allah yana dawowa.

Yadda ake zaman

1. Ya zaɓi lokaci: bayan lazimin safe kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar. Minti 20 zuwa 30 sun isa.
2. Ya fita da alwala, ya kashe wayarsa ko ya bar ta a gida.
3. Ya nemi wuri kusa da gari: gefen gona, bakin tabki ko tudun rairayi. Ɗalibin da karatu ya kai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, inuwar icce guda ta ishe shi.
4. Ya zauna shiru, ya tsayar da ido a kan halitta ɗaya, ya saurari iska da kukan kurciya ba tare da gaggawa ba.
5. Ya tambayi kansa: wa ya yi wannan? Wa yake ciyar da shi? Wane suna na Allah yake nunawa?
6. In tunanin duniya ya faɗo, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi istigfari, ya mayar da idonsa inda yake.
7. Ya rufe da godiya da salati, ya koma gari kafin a tayar da sallah.

Iyakoki

Tafakkuri ba sabon wuridi ba ne, kuma ba ya maye gurbin jam'i, ko wazifa, ko zikirin Juma'a tare da ƴan'uwa. Wanda yake son ƙara wani zikiri na musamman, ya nemi izinin muƙaddaminsa. Ana yin tafakkuri a kan halitta, ba a kan Zatin Allah ba. Icce kuwa alama ce kawai. Ba a roƙonsa, ba a neman tsari da shi, kamar yadda masu bori suke yi. Kada kuma mutum ya yi nisa cikin daji shi kaɗai.

Sannan akwai amana. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka rungumi barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe, har itatuwa masu yawa suka dawo. Wanda ya sami natsuwa a inuwar gawo, bai dace a gan shi da gatari a gindinsa ba.

Alamar an dace ba hawaye ba ce ko mafarki. Ana ganin ta a sallar da ta daina zama ta sauri, da harshen da ya yi laushi ga iyaye, da lazimin da zuciya ta fara halarta ko da a hailala 10 ce cikin 100. Muridi ya gwada kwana 7 a jere, ya gaya wa muƙaddaminsa abin da ya samu.

Allah Ya azurta ƴan'uwa da huduri da natsuwa, Ya ba ƙasa damina mai albarka, alfarmar Annabi (SAW). Amin.