Yadda hoton silima yake motsi

Ƴan'uwa, a silima kuna ganin doki yana sukuwa. To, hoton nan ba ya motsi! Hotuna ne tsayayyu, a jere kamar ƴaƴan carbi. Hoto 24 ke wucewa cikin sakan guda. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga gudu.

Shi ya sa mai koyon aikin nan yake somawa da hoto guda. Ina haske yake fitowa? In rana tana bayan mutum, fuskarsa baƙi za ta fito. Bayan haka sai ɗaukar murya, sai haɗa hotuna.

A Yamai, akwai babbar makarantar da take koya wa samari da ƴan mata aikin telebijin.