Ciwon cikin yaro ba ya jiran wayewar gari

Iyaye a Kankia da Kusada, idan yaro yana murƙususu, cikinsa ya yi tauri kamar katako, ga koren amai ko zazzaɓi, ku nufi Babban Asibitin Kankia nan take. Wataƙila taifot ne, wanda kan huda hanji, kuma jinkirin dare ɗaya na iya cin rai. Wani zai ce babu kuɗi, bari a fara da kemis. Ai ƙwayar kemis zafin kawai take kwantarwa, cutar na nan tana ci, kuɗin magani kuma ninkuwa suke idan abin ya ta'azzara. Kada a ɗura masa jiƙo ko abinci, domin wataƙila a yi tiyata. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ku karɓi takardar turawar, ku kama hanya.